Yadda na yi jinyar tarin fuka a Tahoua, daga gwajin kaki har zuwa sallama

Ni tela ne a nan Tahoua, kuma na yi jinyar tarin fuka har Allah ya ba ni lafiya. Tun da labarin ya bazu, sai ka ga mutum ya shigo shago kamar ya kawo ɗinki, ya zauna yana juya yadi har yara su fita, sannan ya rage murya ya ce ƙanensa ko mai ɗakinsa na fama da tari, ina ake fara zuwa, nawa ake biya, da gaske ana warkewa? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu cikin ƙarar keke, shi ya sa na zauna in rubuta abin daki-daki yadda ya same ni.

Tarin ya fara ne a ƙarshen 2024, lokacin da hunturu ya kankama. Wanda ya san Tahoua a wannan lokaci ya san kowa tari yake, ƙura ta rufe gari, masallaci da asuba ba ka jin komai sai gyaran murya. Don haka ba wanda ya kula da nawa. Abin da ya bambanta shi ne zazzaɓi mai zuwa da la'asar ya tafi da dare, da kuma zufa. Ana sanyin da mutane ke kwana da bargo biyu, ni kuwa sai in farka tsakar dare rigata sharkaf, in canza wata. Abinci ya fita raina. Wata rana na ɗaura ma'aunin ɗinki a ƙuguna, na ga wandon da na ɗinka wa kaina da layya ya yi mani yawa da kusan yatsa huɗu. A tsakanin nan na sha ƙwayoyin masu talla a tire, na sha ruwan maganin tari na farmasi, an yi mani ƙarin ruwa a wani asibitin kuɗi da sunan masassarar cizon sauro, daga baya aka ce taifot ce. Kowane magani sai in ji dama-dama na ɗan lokaci, tarin ya dawo. Da na yi lissafi daga baya, abin da ya tafi a wannan yawon ya haura jikka talatin na sefa, kuma shi ne kuɗi mafi yawa da na kashe wa magani a duk jinyar. Wani lokotoro ya gaya mani cewa wasu daga cikin ƙwayoyin da ake ba mutane barkatai, irin su siprofuloksasin, suna danne ƙwayar tarin fuka ba su kashe ta ba, sai mutum ya ji sauƙi, gwaji ma ya zo da ruɗani, ciwon kuwa yana can yana cin huhu.

Ranar da na ga ɗigon jini a kaki, mai ɗakina ta ce ba inda za ni sai CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarmu. Mun isa da hantsi, benci ya riga ya cika da mata masu goyo, don tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuma da safe su ne ke cika wurin. In kana so ka fita da wuri, ka je kafin a buɗe. Na sayi tikiti a tagar karɓar kuɗi, na sayi ƙaramin karne, wato littafin da ake rubuta bayanin jinya, na zauna nesa da jarirai ina toshe baki da hirami. Da layi ya zo kaina, ma'aikaciyar ba ta tsawaita ba. Ta tambaye ni tun yaushe nake tari, ko ina zufa da dare, ko na rame, ko na ga jini. Ta ɗaga kai ta dube ni ta ce, "Malam, duk tarin da ya wuce mako biyu kaki ake aunawa, ba siro ake sha ba." Ta rubuta takardar zuwa ɗakin gwaji. Wannan ita ce maganar da nake so kowa ya riƙe: in tari ya kai mako biyu, kai da bakinka ka ce kana so a auna maka kaki. Ba duk CSI ke da wurin gwajin ba, amma za a gaya maka inda za ka.

A ɗakin gwaji aka ba ni ƴan ƙananan gwangwanayen roba biyu masu murfi, an rubuta lambata a jikinsu. Ɗaya na nan take, ɗaya na washegari da asuba. Na nan take sai da aka maido mani da shi, mai gwajin ya ɗaga shi a haske ya ce wannan miyau ne, ba zai nuna komai ba. Shi ya koya mani yadda ake yi. Ka fita fili inda iska ke kaɗawa, nesa da mutane, ba cikin ban-ɗaki ba. Ka kurkure baki da ruwa, ka ja numfashi mai zurfi ka riƙe ka saki, ka maimaita, sannan ka yi tari daga can cikin ƙirji har abin mai kauri ya fito. Ka rufe murfin da kyau, ka wanke hannu. Na asuba shi ya fi fitowa da sauƙi, kafin ka ci komai, kuma ka kai shi da wuri, kada ka bar shi cikin zafin rana a aljihun babur. Gwajin kaki ban biya ko dala ba. Abin da na biya shi ne hoton ƙirji, wanda muke ce wa radiyo, a babban asibitin jiha. Can kam akwai jira: ka biya a kes, ka kai rasit, ka zauna, a kira ka ka tuɓe riga ka manna ƙirji a ƙarfe mai sanyi, sannan ka sake jiran wanda zai karanta hoton. Ba zan faɗi farashi a nan ba don yana iya canzawa, amma ka riƙe ƴan jikkuna a aljihu har da na kabu-kabu, kuma kada ka yar da kowane rasit.

Ranar karɓar sakamako na tafi ni kaɗai, ban so kowa ya ga fuskata ba. Aka tura ni wani ɗaki a gefe, tagoginsa a buɗe, wurin wani dattijon ma'aikaci da kowa ke kira majo. Ya ce in zauna ta inda iska ke fita. Ya ce an ga ƙwayar cutar a kakina, kuma an sa shi a na'urar GeneXpert, wadda ke nuna ko ƙwayar na jin rifampisin, ɗaya daga manyan magungunan tarin fuka, tawa kuma tana ji. A lokacin ban fahimci girman wannan albishir ba. Abin da ke kaina kawai shi ne yarana, da shago, da abin da mutane za su ce. Gwiwoyina suka yi sanyi, na ji yana magana kamar daga nesa. Ya bar ni na ɗan natsu, sannan ya ce, "Tela, saurara. Wannan ciwo yana da magani, maganin kyauta ne, wata shida ne. Wanda ya sha shi yadda aka ce, warkewa yake." Daga nan ya ce akwai gwajin sida, wato ƙanjamau, da ake yi wa duk mai tarin fuka, don cututtukan biyu suna tafiya tare, kuma in akwai ɗayan dole a haɗa jinyar. Gabana ya faɗi fiye da na farko. Aka huda yatsa, aka jira ƴan mintoci, ba a samu ba. Aka auna suga ma, don mai ciwon suga ya fi saurin kamuwa kuma ya fi wuyar warkewa. Kada wannan gwajin ya sa ka gudu, kowa ake yi wa, ba zarginka ake ba.

Sai aka ɗora ni a sikeli, kilo 52. Yawan ƙwayar da za ka sha ya danganta da nauyinka, ni uku aka yanka mani a rana, kowace ɗaya ta haɗa magani huɗu a cikinta: rifampisin, izoniyazid, pirazinamid da etambutol. Wata biyu ana shan wannan, sannan wata huɗu ana shan mai haɗin biyu na farko. Majo ya buɗe babban littafi ya rubuta sunana, ya cika kati biyu, ɗaya nasu ɗaya nawa. Ya karɓi lambar wayata da ta yayana, ya sa na yi masa kwatancen gidanmu tun daga bakin titi har ƙofa. Na tambaye shi dalili, ya ce in na ɓace zai zo nemana, kuma ba wasa yake ba. Ka tafi da katin ɗan ƙasa, da takardar sakamako, da hoton ƙirjin, da lambar wani naka mai ɗaukar waya. Ƙwayoyin farko a gabansa na haɗiye su. Da fari kullum da safe nake zuwa in sha yana kallo, ya sa alama a kati. Da ya ga ba na fashi, sai ya kira mai ɗakina ya koya mata cika katin, ya riƙa ba mu na mako.

A gida kuwa wata jinyar ce daban. Da Inna ta ji, ta yi shiru, sannan ta ce, "Tarin huka na. A hidda mai kwano nai da moɗa tai daban." Ban ga laifinta ba. Tana yarinya ta ga yadda aka yi da kakanta a ƙauye: an yi masa bukka a bayan gida, ana tura masa hura daga bakin ƙofa, ba mai shiga sai matarsa, har ya rasu. A wajenta wannan ciwo ba ya da wata makoma sai wannan. Amma abin da majo ya nanata mana shi ne ba a kwano cutar take ba, ba a gaisawa ba, ba a tufafi ba. A iska take. Mai ciwo ya yi tari ko atishawa, ƙwayar ta rataya a iskar ɗaki, na kusa ya shaƙa. Mu kuwa da hunturu me muke yi? Mu toshe taga da tsumma, mu saki labule, mu kwanta da yara a ɗaki ɗaya. Gidaje da yawa suna ware wa mara lafiya cokali su bar shi yana kwana cikin yara a rufe, sun tsare inda ba haɗari sun saki inda yake. Na bar Inna ta ware kwanonta don hankalinta ya kwanta, ni kuma na koma kwana a zaure, taga a buɗe duk sanyi, da takunkumi a fuska in zan shiga cikin mutane. Majo ya ce bayan kamar mako biyu ana shan magani daidai, haɗarin shafa wa wani yana raguwa ƙwarai.

An ce in kawo duk wanda muke kwana gida ɗaya a duba shi. Manya aka tambaye su ko suna tari. Autarmu mai shekara uku ba ta da ciwon, amma aka ɗora ta a kan maganin kariya na wata shida, don ƙananan yara in suka kamu abin yakan hau musu har ƙwaƙwalwa. Mai ɗakina ta ce ai an yi mata lambar BCG, rigakafin tarin fuka, tun tana jaririya, ga tabon a hannunta. Aka ce lambar tana rage wa yara munanan nau'o'in ciwon, amma ba ta hana babba kamuwa da na huhu, ga ni nan ma da tabona. Yaran shago ma na tura su. Cikinsu har da ɗan kawuna da ya dawo daga haƙar zinariya a Jado yana wani busasshen tari, ya yi watanni yana kwana a shagon muna rufe ƙofa. Shi ma aka same shi da ita. Ban ce shi ya shafa mani ba, Allah ne masani, amma duk mai ɗan'uwa da ya dawo daga ramukan zinariya ko daga cunkoson ɗakunan ƴan ci-rani yana tari, ya kai shi gwaji kafin ya kai shi wurin mai sassaƙe.

Wata biyun farko su ne masu wuya. Maganin da safe ake sha, ciki ba komai, a jira kamar awa ɗaya kafin a karya. Ranar farko fitsarina ya fito ja kamar an jiƙa zoɓo, da ba a gaya mani ba da na ce jini ne. Aikin rifampisin ne, har zufa da hawaye yana rinawa, kuma ba illa ba ce. Tashin zuciya ya dame ni a makonnin farko, gaɓoɓina suka riƙa ciwo har taka keke ya zama aiki, tafin ƙafata yana yi mani kamar ana tsira allura. Da na faɗa wa majo ya ƙara mani bitamin B6, abin ya lafa. Ya ce akwai alamun da ba a jira da su: idanu su yi rawaya, amai ya ƙi tsayawa, ƙuraje su feso a jiki, ko gani ya fara dushewa. In ka ga ɗaya daga ciki, ranar za ka koma. Mata kuma su sani maganin yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, su faɗa tun farko a canza musu dabara.

Da yake barci ya ƙaurace mani a zauren nan, na riƙa karance-karance a waya. A nan na san cewa wani likitan Jamus, Robert Koch, shi ya gano ƙwayar cutar, ya sanar a Berlin ranar 24 ga Maris 1882, shi ya sa ake tunawa da ciwon a wannan rana kowace shekara. A zamaninsa mutum ɗaya cikin bakwai a Turai wannan tari ke kashewa. Sun san ƙwayar amma ba su da maganinta har fiye da shekara 60, sai a 1944 aka fara yi wa mutane allurar sitireptomisin. Kafin nan masu hali sai a kai su gidajen jinya a kan duwatsu, a ba su hutu da iska da madara, a zuba wa sarautar Allah ido. Na karanta wa Inna wannan, na ce ashe bukkar kakanta da gidan jinyar Turawa duk dabara ɗaya ce, bambancin kawai katifa. Ta yi dariya, karon farko tun da aka fara. Abin da ya fi tsaya mani shi ne har yanzu bai tafi ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2023 mutum miliyan 10 da dubu 800 suka kamu, miliyan 1 da dubu 250 suka mutu, alhali maganin yana nan.

Ana cewa jinyar kyauta ce, kuma gaskiya ne ta fuskar ƙwaya. Amma da magani ya fara aiki wata irin yunwa ke tasowa, ga shi ba ka aiki sosai. Kuɗina a wake da shinkafa suka tafi, da ƙwan zabi, da hura da nono, da ɗan nama in an samu, da zogale. Ba sai ka ci abin masu kuɗi ba, amma dole tukunya ta ƙaru. Wani abokina Buzu ya riƙa kawo mani nonon raƙumi daga wajen Abalak, ya rantse shi kaɗai ya isa. Na sha, na ji daɗinsa, amma sai an tafasa, don ɗanyen nono ma yana iya ɗauke da irin tarin da ke kama shanu. Kuma ban ajiye ƙwayata saboda shi ba.

Ƙarshen wata na biyu aka sake auna kaki, ba a ga komai ba, aka mayar da ni kan mai haɗin biyu, ana ba ni na wata guda. Wannan ya zo daidai da kamawar azumi, lokacin da tela ke samun abin da zai ci rabin shekara. Tari ya tafi, ƙarfi ya dawo, na hau sikeli na ga kilo 56, har majo ya ƙara mani ƙwaya ta huɗu saboda nauyin ya ƙaru. A nan ne mutane ke faɗuwa. Jikinka yana ce maka ka warke, ɗinkin salla ya taru, layin asibiti yana cin safiya, ƴan'uwa suna cewa wannan shan magani haka ai sai ya lalata maka hanta. Majo ya ce mani, "Kai da ke ɗinki, in ka kai ƙarshen layi ba ka kashe zare ba, me ke faruwa?" Ya nuna mani da haɓa wani mutum a benci, ƙasusuwan wuyansa a waje, ya ce wancan ma ya ji sauƙi a wata na uku ya tafi ci-rani. Ƙwayoyin da suka rage a huhu su ne masu taurin kai, in aka bar su suna iya dawowa ba sa jin magani, kuma jinyar wannan ta fi yawan ƙwaya da wahala, a da har da allurar da ke kashe wa wasu kunne. Kan azumi kuwa, na tambayi malaminmu, ya ce Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya. Majo ya ce wanda jikinsa ya yi ƙwari yana iya shan maganin kafin sahur, amma ni ya fi so in ƙara murmurewa. Na sha azumin, na rage karɓar ɗinki, na daina kwana a shago. Wasu masu kaya sun yi fushi sun kai wani wuri.

Bayan ƙaramar salla tafiya ta kama ni zuwa Yamai sarin yadi. Kafin in hau mota na je na faɗa, aka ba ni maganin da zai ishe ni har in dawo, aka ce in da zama zan yi da an rubuta mani takardar sauya wuri in ci gaba da karɓa a can. Katin nan kada ya rabu da aljihunka in za ka yi tafiya. A wata na biyar aka sake gwajin kaki, a ƙarshen na shida aka yi na ƙarshe. Yanzu kakin ma da kyar yake fitowa, sai da na sha ruwan ɗumi na yi ta zagaya fili. Damina ta faɗi, mutane suna shuka, ranar da majo ya ja layi a littafinsa ya rubuta cewa na warke. Na yi zaton zan yi tsalle, sai na ji kawai gajiya ta sauko mani, na zauna a bencin na daɗe kafin in nemi kabu-kabu.

In ka tambaye ni inda wahalar take, zan ce tana wuri biyu: watannin da ake yawo kafin a auna kaki, da watannin da mutum ya ji sauƙi kafin magani ya ƙare. Tsakaninsu hanya a shimfiɗe take, kuma ma'aikatan sun san aikinsu. Ka samu mutum ɗaya a gida wanda zai tsaya a kanka ba ya jin kunyarka. Ɓoyewa kuma ba ta da riba, don waɗanda kake ɓoye wa su ne ke shaƙar iskar ɗakinka. Ɗan kawuna ya gama nasa bayan nawa da ƴan makonni, autarmu ma ta gama na kariya.

Har yanzu in na hau tudu da sauri numfashina yakan yi sama, lokotoro ya ce tabon da ciwon ya bari a huhu ne, kuma in guji taba da hayaƙi. Katin jinyar da hoton ƙirjin an ce in adana su, don in tari ya sake kama ni ya wuce mako biyu, tambayar farko da za a yi mani ita ce ko na taɓa shan maganin tarin fuka, kuma wanda ya taɓa sha kai tsaye ake kai kakinsa na'ura a duba ko ƙwayar tana jin magani.